Tambaya da Amsa: Kwana Uku a Daji Ban Ga Zaki Ba

Assalamu alaikum. Tun da rani ya kama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga abu guda: zuwa gandun daji kallon namun dawa da ɗaukar hotonsu. Na zaɓi shida, na taƙaita wasu saboda wuri. Zan fara da wadda ta fi tsaya mini a rai.

TAMBAYA: Malam, ni da abokaina mun yi kwana uku a Yankari, mun fita zagaye sau huɗu. Mun ga bika da gadu, mun ga gwanki, mun hango ɓauna daga nesa. Amma ko ƙeyar zaki ba mu gani ba, giwa kuwa sai kashinta. Jagoranmu ya yi ta nuna mana sawu a ƙasa yana cewa jiya suka wuce. Anya ba yaudararmu aka yi ba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa, ba a yaudare ku ba. Na san zafin abin, mutum ya yi tanadi, ya sha tafiya, ya dawo abokai na tambayarsa hoton zaki. Amma duba girman wurin tukuna. Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, hanyoyin da mota ke bi kuma ɗan yanki kawai suka ratsa. Zaki kan yi awa 18 zuwa 20 a kwance a rana guda, yawancin farautarsa da dare ne, kuma launin jikinsa launin busasshiyar ciyawa ne sak. Zai iya zama taku ashirin daga motarku, kwance a gindin kalgo, yana kallonku kuna wucewa. Ga kuma ƙarancinsu. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halittun duniya, ta sa zakin Afirka ta Yamma a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa. Kaɗan ne suka rage a Yankari. Wanda ya ga ɗaya ya yi babbar sa'a, kuma babu jagora mai gaskiya da zai yi maka alkawarin ganinsa.

Ba ka faɗa mini watan da kuka je ba, alhali rabin amsar tana nan. Da damina ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa kuma ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa, tafkuna sun ƙafe, ganye ya kaɗe, komai na gangarowa kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa. Babbar giwa na shan ruwa sama da lita 100 a rana. Dole ta zo. Aikinka shi ne ka riga ta zuwa, ka zauna.

Sawun da jagora ya nuna muku, da kun sauke fushi kun saurare shi, da kun dawo da abin da ya fi hoto. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, kamar yanzu aka danna. Idan iska ta zubo da gefensa, ko ƙwari sun ja layi a kansa, ya kwana. Sawun zaki ba ya nuna farce, domin yana janye faratansa in yana tafiya. Na kura kuwa farce a fili. Kashin giwa idan da danshi, buzuzu na ta aiki a kai, to garken bai yi nisa ba. Kunne ma na da aikinsa. Bika suka hau bishiya suna haushi suna duban gefe guda, akwai abin da suka gani. Ungulaye na saukowa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda, akwai mushe, kuma inda mushe yake wanda ya kashe ba ya cika nisa.

Bari in ba ka labarin yinin da na fara ganin giwayen Yankari da kyau. Bayan la'asar ne, muka tsaya a inuwa kusa da Gaji, direba ya kashe mota. Muka zauna kusan awa biyu. Babu komai sai zafi da ƙudaje da wata zalɓe tsaye a bakin ruwa. Abokan tafiyata sun fara cewa a tafi. Sai muka ji ƙas, reshe ya karye can cikin kurmi, sannan wani gurnani mai zurfi wanda ka fi jinsa a ƙirji bisa kunne. Abin da na ɗauka inuwar bishiya ce sai ya motsa. Uwar garken ce ta fara fitowa, ta tsaya cak, ta ɗaga hancinta sama tana shinshinar iska. Ta jima a haka. Da ta gamsu, sauran suka biyo ta, da wani ɗan ƙarami yana tuntuɓe tsakanin ƙafafun uwarsa, bai ma iya sha da hanci ba tukuna, sai ya durƙusa ya kafa baki a ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun tafiyarsu. A tafin ƙafar giwa akwai matashin kitse mai shanye ƙarar taku, shi ya sa dabba mai nauyin tan-tan za ta zo dab da kai ba ka ji ba. Da mun tashi minti goma kafin nan, da mun koma muna cewa babu giwa a Yankari.

Sannan kar ka raina gwankin da ka gani. A Kenya wuri ɗaya ya rage ana samunsa, gandun Ruma, a Kruger ta Afirka ta Kudu ma ganinsa sai mai rabo. Akwai masu ɗaukar hoto da suka tara hotunan zaki ɗaruruwa ba su taɓa samun gwanki a gaban kyamara ba. In ka koma, ka zaɓi ƙarshen rani, ka fita da asuba, ka roƙi direba ya rage yawo ya ƙara zama a bakin ruwa.

TAMBAYA: Ba ni da kyamara sai waya. Za mu je da maigidana da yara. Ko zan iya samun hoton kirki, ko sai na sayi kyamara? Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, kar ki sayi kyamara saboda tafiya guda. Sabuwar kyamara a hannun wanda bai saba da ita ba, lokacin da dabba ta fito shi ne lokacin da zai rasa maɓallin da zai danna. In akwai abin saya, ki sayi madubin hangen nesa, irin wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Yara za su fi amfana da shi fiye da kowace kyamara, domin da shi za su ga carki na tsince kaska a wuyan ɓauna, su ga gashin idon giwa.

Waya tana da iyaka, ki san ta. Idan kika buɗe yatsu biyu a kan allo don jawo dabba kusa, yawanci wayar yanke hoton kawai take yi ta kumbura shi, shi ya sa yake fitowa kamar an shafa masa laka. Ki tsaya a lambobin da wayar ta rubuta da kanta, 1x ko 2x ko 3x. Maimakon neman fuskar dabba, ki ɗauki dabbar cikin wurinta: garke a bakin kogi, kuka a gefe, sararin sama a bayansu. Wannan shi ne hoton da waya ta ƙware a kai. Ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin kowace fita, ki taɓa jikin dabbar a allo don wayar ta san inda kike nufi, ki kashe filasha da ƙarar dannawa. Bidiyo kuma ki riƙe wayar a kwance, ki ƙirga goma a zuci ba tare da motsa hannu ba. Akwai wata dabara: ki manna idon wayar a bakin madubin hangen nesa, wani ya riƙe miki madubin a kan tagar mota. Sai an gwada sau da yawa, amma yana yi.

Ki ja wa yara kunne game da bika a masauki. Sun saba da mutane, suna fizge abin hannu, kuma haƙoransu ba na wasa ba ne. Kar a ba su komai. Birin da aka saba wa karɓa daga hannu shi ne gobe zai ciji wani yaro, ƙarshensa a kashe shi.

TAMBAYA: Ina da kyamara da gilashi mai kai 300mm, amma hotunan dabbobina duk dishi-dishi suke fitowa, launi kuma a koɗe. Gilashin ne ba shi da kyau? Daga wani mai koyon hoto.

AMSA: Abokin sana'a, na fi zaton gilashinka lafiya lau yake. 300mm ya isa a yi aikin kirki da manyan dabbobi. Tsuntsaye ne ke neman 400 zuwa sama.

Fara duba saurin ƙiftawar kyamararka. Dogon gilashi yana jawo dabba kusa, yana kuma ninka rawar hannunka. A 300mm kar ka sauka ƙasa da 1/500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ko da dabbar a tsaye take. Mai tafiya ko gudu, 1/1000. Tsuntsu a sama, 1/2000. Da asuba haske ba zai ba ka wannan saurin ba sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, kuma a nan masu koyo ke tsorata. Ɗaga shi zuwa 1600, ko 3200 in ta kama. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan.

Injin mota babban abokin gaba ne. Kai ba ka jin rawarsa, gilashi na ji. Roƙi direba ya kashe, ka roƙi 'yan mota su ɗan natsu. Ka ɗinka ƙaramar jaka kamar matashin kai, ka cika ta da yashi, ka ɗora a bakin taga, ka kwantar da gilashin a kai. A cikin mota ta fi sandar kyamara mai ƙafa uku amfani nesa ba kusa ba.

Sai saiti. Idan ka bar kyamara ta zaɓi inda za ta kafa ido, za ta zaɓi ciyawar da ke gaban dabbar, domin ita ta fi kusa. Mayar da ita kan ɗigo guda, ka ɗora ɗigon a idon dabbar. Ido ya fito tar, mai kallo zai yafe sauran.

Koɗewar launi kuwa laifin lokaci ne. Da rana ta take, ƙasa na fitar da zafi, iskar da ke tsakaninka da dabba tana rawa, kawalwalniya ke nan. Babu gilashin da ke ratsa ta, komai tsadarsa. Hasken tsakar rana kuma daga sama yake dukan dabba, ya bar idanunta cikin duhu. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana da sauri take hawa, da sauri take faɗuwa, don haka hasken nan mai laushi bai wuce awa ɗaya da ɗoriya ba bayan fitowarta, sai kuma kafin faɗuwarta. Da hunturu ƙurar hazo na ƙara shanye launi. A irin wannan rana ka nemi abin da ke kusa, ko ka ɗauki dabba baƙi ƙirin a gaban jar rana. Ɓauna da giwa masu duhun fata ne a cikin ciyawa mai haske, kyamara takan ruɗe ta mai da su gawayi, sai ka ƙara mata haske kaɗan. Belbela fara kuma ka rage.

Ƙura: ka lulluɓe kyamara da ƙyalle in mota na tafiya, kar ka canza gilashi a fili. Batir biyu, katin ajiya biyu.

Amma abin da zai fi ɗaga hotonka ba ya cikin kyamara. Sanin abin da dabba za ta yi nan gaba ne. Tsuntsu kan yi kashi ya ɗan duƙa kafin ya tashi, kuma iska yake fuskanta in zai tashi. Zaki ya fara hamma da miƙa da lasar jiki, ya kusa miƙewa. Raƙumin dawa in zai sha ruwa sai ya tale ƙafafun gaba ya sunkuya, in ya ɗago kuma da fizga yake ɗagowa, ruwa na fallatsa daga leɓensa. Wannan fizgar ita ce hoton, sai ka shirya tun yana sha. Ƙananan tsuntsayen nan masu launi da ke cafke ƙudan zuma a sama, reshen da suka tashi a kai nan suke komawa. Saita kan reshen ka jira. Ni nakan ajiye kyamara a cinya na minti biyar na farko, in kalli dabbar da ido tukuna.

TAMBAYA: Gaskiya ne launin tufafi na da tasiri? Daga wani mai shirin tafiya.

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Ƙudan tsando na bin shuɗi da baƙi, shi ya sa tarkonsa ma da ƙyallen waɗannan launuka ake yinsa. Fari kuma daga nesa ake hangensa. Sa ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, mai dogon hannu. Kar ka sa kaki mai ɗigo-ɗigo irin na soja, ƙasashe da dama sun haramta wa farar hula.

TAMBAYA: Na yi ritaya, kuma burina in ga ƙaurar nan ta dabbobi da ake nunawa a talabijin suna tsallake kogi. Ina zan je, kuma yaushe? Daga wani dattijo.

AMSA: Baba, Allah ya cika maka wannan buri. Abin da kake gani yana faruwa ne tsakanin Serengeti a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya. Daji ɗaya ne iyakar ƙasa ta raba. Serengeti ya kai murabba'in kilomita 14,750, Mara kuwa kusan 1,510. Dabbar da ake kira wildibis, mai gemu da ƙaho kamar na ƙaramar ɓauna, sama da miliyan guda, tare da jakunan dawa da bareyi, suna zagaye shekara cur suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa.

Tsallake kogin Mara tsakanin Yuli da Oktoba ake yinsa. Sai dai in gaya maka gaskiya, Baba, abin da talabijin ke nunawa cikin minti biyu, masu ɗauka makonni suka yi suna jiransa. Garke kan taru a gaɓa tun safe, su yi cirko-cirko suna duban ruwa da kadoji, bayan awa huɗu su juya su koma. Wani lokaci motoci ne ma ke hana su, in an yi cunkoso an tare mashigar. Ka ware kwana huɗu ko biyar a kusa da kogin, ka kuma zaɓi direban da zai tsaya nesa har sai dabbobin farko sun faɗa ruwa.

Da ni ne kai, da na duba Fabrairu ma. A wannan lokaci garken na kudancin Serengeti, wajen Ndutu, suna haihuwa. Fili ne shimfiɗe, ciyawa gajera, ido na kai wa nesa. Za ka ga an haifi ɗan maraƙi ya miƙe cikin 'yan mintuna ya bi uwarsa, zakuna da kuraye kuma ba sa nisa. Ya fi sauƙi ga jiki, ba a kuma dogara da sa'ar yini guda. Ka tafi da rigar sanyi, domin wuraren tudu ne, sama da mita 1,500, asubarsu da sanyi a buɗaɗɗiyar mota. Ka ga likita kafin tafiya kan maganin zazzaɓin cizon sauro da katin rigakafin shawara.

TAMBAYA: Wani abokina ya ce in na ɗan ba direba na goro zai sauka daga hanya ya kai ni dab da giwa in sami hoto mai kyau da zan sa a Facebook. Akwai laifi? Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanena, akwai, kuma ina roƙonka kar ka yi.

Na taɓa kasancewa a motar da aka yi haka, a wani gandu da ba zan ambata ba. Garke na gangarowa ruwa, wani fasinja ya matsa wa direba lamba, direba ya kutsa ya tsaya tsakaninsu da kogin. Wata uwa mai ɗan jariri ta buɗe kunnuwanta fankam-fankam, ta ɗaga kai, ta girgiza shi har kunnuwan suka yi ƙara kamar ana kaɗe tabarma. Sai ta taho da gudu taku kaɗan, ta tsaya, ƙura ta turnuƙe. Ɗan ya shige ƙarƙashin cikinta yana kuka. Direba ya ja da baya da ƙyar, domin bai bar wa kansa mafita ba. Allah ya kiyaye mu. Amma abin da har yau yake damuna shi ne garken ya juya ya koma kurmi bai sha ruwan ba, a tsakiyar rani, bayan tafiyar da Allah kaɗai ya san nisanta. Wata 22 wannan uwa ta yi tana ɗauke da cikin ɗan nan. Hoton da fasinjan ya samu, ƙura ce da rabin kunne.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: idan dabba ta bar abin da take yi saboda ni, ta daina ci, ko ta miƙe, ko ta kafe ni da ido, na matso da yawa. Kar ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko tsakanin garke da ruwa. Toron giwa da ka ga ruwa na gangarowa daga gefen kansa, tsakanin ido da kunne, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin sha'awa ne, ka ba shi hanya tun daga nesa. Dorina ta wage baki, gargaɗi take yi maka. Sauka daga hanya kuma yana taka ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, direban ma aikinsa yake sa wa a haɗari saboda na goronka. A Kruger, inda baƙo ke iya tuƙa motarsa da kansa, an ƙayyade gudu kilomita 50 a awa kan kwalta, 40 kan tsakuwa, ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe, jirgin hoto maras matuƙi kuma haramun ne.

Tunda ka ambaci Facebook, ga wani abu. Wayarka na iya rubuta ainihin inda aka ɗauki hoto a cikin bayanan hoton. Masu kashe karkanda don ƙahonta da giwa don haurenta su ma suna shiga intanet. Shi ya sa a Kruger, allunan da baƙi ke manna alamar inda suka ga zaki ko damisa ba a sa karkanda a kansu. Kafin ka shiga daji, shiga saitin kyamarar wayarka ka kashe wuri. In ka sami hoton karkanda ko toron giwa mai manyan haure, bari sai ka dawo gida ka sa, ka ambaci sunan ƙasar kawai. Wanda ba ka sani ba ya biyo ka ta saƙo yana tambayar wace hanya ce, wane mashaya ne, kar ka amsa masa, ka sanar da ma'aikatan gandun.